An bar jaki ana dukan taiki: kan baƙin ƙwaron da ake kashewa a gindin rumbu

Assalamu alaikum Edita,

Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini mu yi magana kan wani ƙwaro da kusan kowa ya sani da ido a karkararmu, amma kaɗan ne suka san abin da yake ci da inda yake kwana. Kaka ta yi, an kai amfani gida, kuma a irin wannan lokaci ne ake yawan ganin wani babban baƙin ƙwaro yana tafiya a hankali a gindin rumbu ko a bakin zaure bayan magariba. Da an gan shi sai a ce ga ɓarawon hatsi, a ɗauko fiya-fiya a zazzaga a ƙasa, wani lokaci har a kan buhuna. Wannan kuskure ne mai tsada. Ƙwaron ba ya huda buhu, ba ya fasa ƙwayar gero ko ta wake da ke cikin rumbu, ba ya harbi, ba shi da dafi. Masu yin ɓarnar wasu ƙananan ƙwari ne, ciki har da 'yan uwansa, waɗanda ido ba ya saurin kaiwa gare su, kuma maganin da aka zuba wa babban ba ya taɓa su.

Da yawa sukan haɗa shi da buzuzu su kira su da suna ɗaya, don haka za mu kira shi baƙin ƙwaron rairayi. Masana suna sa shi a cikin dangin da suke kira Tenebrionidae, sunan da ya fito daga kalmar Latin mai nufin mai son duhu. Dangi ne babba, nau'insa ya haura 20,000 a duniya, kuma sun fi yawa a busassun ƙasashe. Manyan da ake samu a yankin Sahel da bakin Sahara sun haɗa da jinsin Pimelia, mai ƙundumemen baya kamar an kife ƙoƙo, tsawonsa santimita 2 zuwa 3, da Trachyderma hispida wanda ya fi tsawo da siranta, jikinsa da ɗan gashi, ya kuma fi son kango da gindin katanga. Can cikin hamada, daga Sahara zuwa Masar da Sudan da ƙasar Larabawa, akwai Prionotheca coronata mai jerin ƙayoyi a gefen bayansa, wanda kan kusa kai santimita 4.

Gane shi ba wuya in an tsaya an duba. Buzuzu kansa faffaɗa ne kamar shebur, ƙafafunsa na gaba suna da haƙora don haƙa, ƙahonninsa gajeru ne masu dunƙule a ƙarshe, kuma yana tashi sama da ƙugi. Baƙin ƙwaron rairayi ba ya tashi ko kaɗan. Murfin bayansa guda biyu sun manne da juna, ba sa buɗewa, kuma babu fiffiken tashi a ƙarƙashinsu. Ƙahonninsa sirara ne masu gaɓa 11, kamar an jera ƙananan duwatsun ado a zare, suna fitowa daga ƙarƙashin wani ɗan tudu a gaban ido. Wanda yake da gilashin ƙara girma zai iya ƙirga gaɓoɓin tafin ƙafarsa: biyar a ƙafafun gaba, biyar a na tsakiya, huɗu a na baya. Akwai ƙwari biyu da ya kamata yara su bambanta da shi, don su suna da illa. Na farko shi ne baƙin ƙwaro mai fararen ɗigo da manyan muƙamuƙai, mai gudu da sauri, wanda masana ke kira Anthia. Mafarauci ne, yana cizo, yana kuma fesa wani ruwa mai zafi daga bayansa wanda in ya shiga ido sai an wanke da ruwa mai yawa nan take. Na biyu shi ne mai laushin baya da ratsin ja ko rawaya a kan baƙi, wanda ke cin furen wake da kan gero da damina. In aka murƙushe shi a fata yana tayar da bororo. Shi kuwa namu tafiyarsa ta nutsuwa ce, in ka taɓa shi yakan tsaya cak, ko ya miƙe ƙafafu ya yi kamar ya mutu.

Mazauninsa ƙasa ce mai rairayi ko jigawa, inda ruwa ba ya kwanciya. Da rana yana ɓuya ƙarƙashin dutse, ko tsohon kututture, ko tarin karan dawa, ko cikin ramin ɓera da na gafiya, ko ya tona rairayi a gindin sabara da kalgo ya shige. Dalilin ɓuyar a fili yake. A bazara saman rairayi yakan wuce digiri 60 da tsakar rana, alhali taki ɗaya ƙasa da haka akwai sanyi da ɗan laima. Lokacin fitarsa yana bin yanayi. Da zafi sai bayan faɗuwar rana da kuma kafin hantsi, da sanyin hunturu kuma wasu nau'in Pimelia sukan fito da rana su sha hantsi. Wani masani ɗan Ingila, John Cloudsley-Thompson, wanda ya koyar a Jami'ar Khartum daga 1960 zuwa 1971, ya yi nazari mai yawa kan waɗannan ƙwari a kewayen birnin, ya nuna yadda suka raba lokaci a tsakaninsu: Adesmia mai dogayen ƙafafu shi ke yawo da rana, don tsawon ƙafa yana ɗaga cikinsa daga zafin ƙasa, Trachyderma kuwa sai dare ya yi. Wanda ya fita da sassafe kafin iska ta taso zai ga sawunsa a rairayi, layi biyu na ƙananan ɗigo a jere kamar ɗinkin keke, yana zagaya gindin ciyawa yana komawa rami.

Abincinsa abin da ya riga ya mutu ne ko ya faɗi. Busasshen ganye, ƙaiƙayi, 'ya'yan ciyawa da iska ta tara a kwana, busasshen kashin awaki da na jemage da na ɓera, mataccen fara, gawar ƙadangare da ta bushe, duk yana ci. Haƙoransa na ɓarzar abu mai taushi ko wanda ya fara ruɓewa ne. Shi ya sa ake ganinsa a gindin rumbu: yana bin tsabar da ta zube ta sha raɓa, da ƙaiƙayin sussuka, da kashin ɓerayen da ke zaune a wurin. Ganinsa da yawa a ɗakin ajiya alama ce ta abu uku, ko hatsi yana zuba, ko ƙasa tana da danshi, ko ɓera ya yi gida. Waɗannan su ne abin gyara.

Aikin da yake yi wa ƙasa ba ƙarami ba ne. A wuri mai ruwa, ƙwayoyin ruɓa da tsutsar ƙasa, wato tana, su ke mayar da ganye taki. A jigawar da ke yin wata bakwai ko takwas ba ɗigon ruwa, tanar ba ta rayuwa a sama, ruɓa kuma tana tsayawa. Gara da irin wannan ƙwaro su ke ci gaba da aikin. Yana daddatsa busasshen ganye, ya fitar da shi ƙanana a kashinsa, tsutsarsa kuma tana jan ragowar cikin ƙasa, ta yadda in ruwan farko ya sauka abin zai narke da wuri. Shi kansa abinci ne ga bushiya, da zabin daji, da mujiya, da yanyawa, da manyan ƙadangaru. Akwai kuma wani amfani da manomin gero ya kamata ya sani. Masu binciken fara a Sahel sun samu tsutsar Pimelia senegalensis cikin abubuwan da ke cin ƙwan farar nan Oedaleus senegalensis, wadda ke binne ƙwanta a rairayi ya kwana rani, ya ƙyanƙyashe da ruwan farko ya afka wa shuka. Duk kwanson ƙwan da tsutsa ta cinye da rani, fara ce da ba za ta fito da damina ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa masu feshin fara suke duba abin da magani ke yi wa irin waɗannan ƙwari. Magungunan feshi masu kashe komai, irin su fenitrothion, ba sa tantance fara da mai cin ƙwanta. Maganin da aka samar daga naman gwari mai suna Metarhizium, a ƙarƙashin shirin LUBILOSA da aka fara a 1989 aka kuma gwada a gonakin Nijar, fara da danginta yake kamawa, ya bar sauran.

Abin da ya fi ba da mamaki a halittarsa shi ne yadda yake rayuwa ba tare da ya je ruwa ba. Mannewar murfin bayan nan ba nakasa ba ce. Tsakanin murfin da cikinsa akwai wani fili rufaffe, kuma ƙofofin numfashinsa na ciki a nan suke buɗewa. Iskar da ke wurin tana riƙe laima, don haka numfashi ba ya zuƙe masa ruwa kamar yadda zai yi in a fili ƙofofin suke. Fatarsa tana da kauri da shafin kakin da ke hana ruwa fita, wasu ma sukan fitar da wani farin gari a bayansu in zafi ya tsananta. A ƙarshen hanjinsa kuma akwai wani tsari da ke tsotse ruwan kashi kafin ya fita, shi ya sa kashinsa busasshe ne kamar gari. Sauran ruwan da yake bukata yana samu daga raɓa, da ganyen da ya sha laimar dare, da wanda jiki ke samarwa in ya narkar da abinci. Danginsa na hamadar Namib da ke Namibiya sun kai abin ƙarshe. Onymacris unguicularis yakan hau kan tudun rairayi da asuba in hazo mai ruwa ya taso daga teku, ya sunkuyar da kai ya ɗaga baya, ruwan ya taru a jikinsa ya gangaro bakinsa. William Hamilton da Mary Seely ne suka bayyana wannan a 1976. Namu ba ya yin haka, don hazon hunturunmu ƙura ce busasshiya.

Maganar cewa yana wari ma tana bukatar gyara, don ana jingina wa duka dangin abin da wasu ne ke yi. Jinsin Blaps, wanda ake samu a Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya da Turai, yana zama a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da bargar dawaki da kogo, kuma yana da jakar wani ruwa mai ɗoyi a bayansa. In an tsokane shi sai ya ɗaga baya ya fitar, ruwan ya bar tabo ruwan ƙasa a yatsa na 'yan kwanaki. Eleodes na hamadar Amurka shi ma haka yake, har yakan tsaya a kan kansa. Pimelia da Trachyderma ba su da wannan jaka. Kariyarsu taurin baya ne da ɓuya. Wanda ya ɗauke su da hannu ba abin da zai same shi, sai dai ya wanke hannu da sabulu bayan haka, tunda a cikin kashin dabbobi suke kiwo.

Haihuwarsa a ƙasa take. Macen tana binne ƙwai farare masu siffar ƙwayar shinkafa a rairayi mai ɗan laima. Tsutsar da ke fitowa doguwa ce, mai tauri da santsi, launin rawaya zuwa ruwan ƙasa, da ƙafafu shida a gaba, na farkon sun fi ƙarfi don tono. Ba ta lanƙwashewa kamar gwazarma, ba ta da fari da taushin gwazarma, kuma ba a cikin jiƙaƙƙen juji take zama ba. Tana yin saɓa sau da yawa cikin watanni, sannan ta gina ɗan ɗaki a ƙasa ta kwanta ta sake kama. Sabon ƙwaro yana fitowa fari-fari da taushi, sai bayan kwanaki ya yi baƙi ya taurara. Manyan nau'in suna da tsawon rai, sukan wuce shekara, wasu su yi shekaru. Ƙwaro mai jinkirin girma kuma marar fiffike, in aka kashe shi a wuri, dawowarsa tana ɗaukar lokaci, don da ƙafa zai zo.

Gaskiya ɗaya da ba za mu ɓoye ba ita ce, a cikin dangin akwai mai taɓa shuka. Gonocephalum, mai tsawon kamar santimita 1, launin toka-toka, bayansa shimfiɗaɗɗe kuma kullum da ƙura a manne, yakan gwaguyi tsiron gyaɗa da auduga da masara a daidai ƙasa, musamman in an yi shuka ruwa ya ɗauke. Alamarsa tsiro ya faɗi da safe an gutsure shi a wuya, in ka ɗaga ɓurɓushin ƙasa ko tarin ciyawa kusa ka same su a tare. Maganinsa shi ne shuka a kan isasshen ruwa don tsiro ya wuce matakin rauni da sauri, da wanke iri da maganin da aka yi don haka bisa awon da ke jikin fakiti, da kuma ajiye 'yan tarin ciyawa a tsakanin kunya a riƙa ɗagawa da safe ana kwashe su.

A cikin dangin, masu ɓarnar gaske a gida guda biyu ne. Na farko ɗan jan ƙwaron gari, Tribolium, tsawonsa milimita 3 zuwa 4. Shi ne ake gani yana yawo a garin masara da fulawa da dusa da gyaɗar da ta farfashe. Ba ya iya fasa lafiyayyar ƙwaya, yana bin wadda ta karye ko wadda wani ƙwaro ya riga ya huda. Da zafi yakan kammala daga ƙwai zuwa babba cikin kamar wata ɗaya, kuma yana da irin ruwan ɗoyin nan na Blaps, wanda shi ke sa tsohon gari ya canza launi ya yi wari, tuwonsa ya ƙi daɗi. Tankaɗe yana cire manya da tsutsa, amma ƙwan yana manne da gari ya wuce rariya, shi ya sa bayan mako uku ake sake ganinsu. Hanyar da ke aiki ita ce a busar da hatsi sosai, a sheƙe a fitar da karyayye da ƙaiƙayi, a share ɗakin ajiya a ƙone sharar kafin sabon amfani ya shiga, kada kuma a zuba sabo a kan tsoho ko a tsohon buhun da ba a juye an shanya ba. Don gane bushewa, a sami kwalba busasshiya, a zuba hatsi kamar kashi ɗaya cikin uku, a ƙara cokali biyu na gishirin da aka soya ya bushe, a rufe a girgiza, a bari kamar minti 15, a sake girgizawa. In gishiri ya manne a jikin kwalba, hatsin bai bushe ba. Wanda ya bushe sai a zuba a buhu mai leda biyu a ciki irin na PICS, ko a jarka ko duro mai murfin da ba ya shan iska. Kowace leda a matse iskarta, a murɗe bakin, a lanƙwasa, a ɗaure ta daban. Ƙwarin da ke ciki suna cinye iskar su mutu ba tare da magani ba. Abin da ke ɓata wannan hanya shi ne huda, ko daga tsinken kara, ko daga ɓera, ko yawan buɗewa ana ɗiba. A ɗora buhun a kan katako, nesa da bango, a kuma ware na ci yau da gobe a wani mazubi. Gari kuwa a niƙa na mako biyu ko uku kawai.

Kan fiya-fiya muna roƙon jama'a da babbar murya. Sinadarin dichlorvos da ke cikinsa ba a yi shi don a zuba a abinci ba, kuma saboda yawansa a wake ne Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen waken Najeriya a 2015. Ƙwayar nan ta hayaƙi da ake sakawa a buhu ita ma iskar da take fitarwa tana kashe mutum, kuma tana ratsa bango da rufi. Ba a amfani da ita a ɗakin da ake kwana ko wanda ke manne da shi.

Na biyu shi ne wanda ya kamata masu kiwon kaji su sani, Alphitobius diaperinus. Baƙi ne mai sheƙi, tsawonsa kamar milimita 6, tsutsarsa kuma ta kai santimita 1, mai ratsin ruwan ƙasa. Yana zama a cikin shimfiɗar ɗakin kaji, dusar katako ko ɓuntun shinkafa, inda abinci ke zuba kuma ruwa ke ɗiga. Zafin digiri 30 zuwa 33 da ake ba 'yan tsaki shi ne daidai abin da yake so, kuma a irin wannan yanayi yakan kammala girma cikin kamar mako shida, macen kuma tana yin ƙwai ɗaruruwa. Illarsa kashi uku ce. Yana cin abincin kaji. 'Yan tsaki suna cika ciki da shi su bar abinci, girmansu ya ja baya, kashinsu ya yi ruwa. Mafi muni, yana cin mushen kaza da kashi, ya ɗauki cuta daga zubi ɗaya ya kai wa na gaba: salmonela, gumboro, ƙwayoyin kashin jini, da tsutsar ciki mai faɗi. Mai kiwo zai wanke ɗaki ya fesa maganin ƙwayoyin cuta, ya zuba sababbin tsaki, cutar ta dawo, ya zargi wurin da ya sayo su, alhali ƙwaron yana cikin tsagar bango yana jira.

Hanyar gano shi mai sauƙi ce. A ɗaga mazubin abinci a tona shimfiɗar da ke ƙasa, a kuma duba gindin bango da ƙarƙashin mushe. Don bin yawansa, a yanka bututun roba mai tsawon taki ɗaya da faɗin yatsa biyu, a naɗe kwalin katan a cusa ciki, a ajiye uku ko huɗu a gefen bango da kusa da mazubi, a zazzage su a bokiti kowane mako a ƙirga. In adadin yana ninkawa, lokacin aiki ya yi. Gyaran farko na ruwa ne: a toshe ɗigar mazubi, a kwashe jiƙaƙƙen wuri a zuba busasshe, a daidaita tsayin mazubin abinci da bayan kaza don rage zuba, a fitar da mushe kullum. Lokacin da ya fi muhimmanci shi ne ranar da aka kwashe kaji. Da ɗaki ya fara hucewa, ƙwarin suna barin shimfiɗa su hau bango su shige tsaga da ramin ƙasa cikin kwana ɗaya ko biyu. Wanda ya jira mako kafin ya share, shimfiɗa kawai ya fitar. A kwashe ta a ranar, a kai nesa da ɗakin da gidajen mutane, don wannan yana tashi da dare yana bin fitila. A tara ta tsibi, a ɗan yayyafa ruwa, a lulluɓe da baƙar leda a danne gefe, a bari mako ɗaya zuwa biyu zafin ciki ya kashe su, sannan ta zama takin gona. In za a yi feshi, a yi shi ɗaki ba kaji, a bi gindin bango da tsayin kamar mita ɗaya, da ginshiƙai, da inda mazubai suke. A riƙa canza jinsin magani bisa shawarar likitan dabbobi, don an tabbatar wannan ƙwaro yana sabawa da wanda aka daɗe ana maimaitawa. Bayan haka a liƙe tsagogi da siminti, a bar ɗakin mako biyu kafin sabon zubi.

Ga malaman makaranta da ke son nuna wa ɗalibai babban ƙwaron rairayin, tarkon rami ya isa. A sami gwangwani ko kofin roba mai zurfin santimita 10 zuwa 12 da santsin ciki, a huda ƙananan ƙofofi a gindi don ruwa, a binne shi da yamma a gindin kalgo ko kusa da tarin kara, bakinsa daidai da ƙasa. In bakin ya ɗara ƙasa ko da rabin yatsa ne, ƙwaron zai zagaye shi. A zuba ɗan rairayi da dusa a ciki, a kife sakaina a sama bisa duwatsu uku. A duba da asuba, don in rana ta ɗaga zafin gwangwani zai kashe abin da ke ciki, tururuwa kuma za su far masa. Kada yaro ya zura hannu, a juye a tire, saboda kunama ma tana faɗawa. Ana iya ajiye huɗu ko biyar a roba mai faɗi da rairayi mai zurfin santimita 8 zuwa 10, da ɓawon itace na ɓuya, a inuwa. Abinci dusa da busasshen ganye, da yankan karas ko kabewa sau biyu a mako a madadin ruwa. Kada a sa kwanon ruwa, suna nutsewa. A jiƙa kusurwa ɗaya kawai, a cire ragowar karas washegari kafin ya yi fumfuna, don laima da fumfuna su ke kashe su a ajiye. In an gama darasi a mayar da su inda aka kamo.

Wanda kuma ya same shi a ɗaki ba ya bukatar sayen komai. A share shi a faranti a kai bayan gida, a toshe ƙasan ƙofa da tsagar bango, a share zubabben hatsi da yamma, a bi sawun ɓera a toshe raminsa, a ɗaga buhuna daga ƙasa. Kuɗin fiya-fiyan a ƙara a sayi buhu mai leda.

Mun gode da ba mu wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wasu malaman gona masu nazarin ƙwari